Motar da Ta Ƙi Shiga Giya ta Uku

Ina da shekara uku shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu. Ban san wata tafiya ba sai wadda nake yi har yau: in jefa ta dama, in jawo ta hagu, sanda a hannu. A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi aka haife ni, nan kuma mahaifinmu ya rasu ya bar mana shagon kayan gini a bakin kasuwa, ni da yayana. Tun farko aiki ya raba kansa. Yaya ne mai fita, ni ne mai zama. Shi ke zuwa Kamaru sayayya, shi ke zuwa suna da jana'iza da sunan gidanmu. Ni kuwa duk inda za ni sai an kai ni. Ina yaro a wuyansa, da na girma a bayan babur ɗinsa, daga baya a bayan masu babur ɗin haya, taksi-moto, sanda a gicciye a cinyata, ina shaƙar zufar wani.

Na haura arba'in kafin mota mai canza giya da kanta ta faɗo hannuna. Wani abokin cinikin Yaya ne ya taho da ita daga Duwala ta Kamaru, ruwan toka, ta sha tafiya a Turai kafin ta iso mu, ya rasa mai saye. A unguwarmu ba a ɗauki irinta mota ba. Wasu su ce motar mata, wasu su ce motar raggwaye, direbobin manyan motoci kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Ni da na leƙa ƙarƙashin sitiyarin na ga abin takawa biyu kacal, totur da birki, babu kuloci, sai na sake leƙawa in tabbatar. Duka biyun na ƙafar dama ne.

Wanda ya koya mini tuƙi abokina ne na ƙuruciya, bakanike, garejinsa na unguwar Kokoro. Tare muka yi makarantar allo, ya sha faɗa da yaran da ke kwaikwayon tafiyata. Sati uku muka yi muna zagaya wani fili da yamma, yana gefena yana cin gyaɗa yana cewa, “Wannan ai ba tuƙi ba ne, zama ne kawai.” Ranar da na fara fita ni kaɗai ban gaya wa kowa ba. Na bi titin Koudoukou, na miƙe har cikin gari, na tsaya a bakin kogi ina kallon masu kwalekwale suna sauke yashi. Ba ni da abin yi a can. Na je ne kawai don babu wanda na roƙa ya kai ni.

Daga nan kai mahaifiyarmu asibiti ya dawo hannuna. Hajiya na fama da hawan jini, duk wata sai an duba ta. Takan zauna a baya, carbi a hannu, in an tsaya gaisawa da wani ta ce, “Auta ne ya kawo ni,” ko da ba a tambaye ta ba.

Shekara biyu muna zaman lafiya da motar. A damina ta uku ta fara.

Irin wannan mota in tana lafiya ba ka jin lokacin da take canza giya, sai dai ka ga allurar injin ta ɗan sauko. Wata safiya ina kan hanyar shago na taka totur, ta ɗauki ta ɗaya, ta ɗauki ta biyu, da ta zo shiga ta uku sai injin ya hau kuka, allura ta yi sama, motar ba ta ƙara gudu ba. Kamar mutum yana gudu a cikin taɓo. Can sai na ji gum a ƙarƙashin kujerata, ta zabura gaba. Na ce ko rami na faɗa. Washegari ta sake. Ran da ta yi da Hajiya a ciki har carbinta ya faɗi.

“Auta, mene ne wannan?”

“Ba komai, Hajiya. Giya ce ba ta shiga da kyau.”

“Giya kuma? A'uzubillahi. A motar taka?”

Na yi dariya na yi mata bayani. Ita ce dariya ta ƙarshe da na yi a kan maganar.

Na kai wa abokina. Ya ɗaga bonet, ya zaro doguwar sandar awon man giya, ya goge a wandonsa da ya riga ya yi baƙi, ya mayar, ya sake zarowa.

“Mai ne ya yi ƙasa. Shi ke nan matsalar.”

“To ina ya tafi? Ban ga ɗigo a inda nake ajiye ta ba.”

“Mutumina, mai ai tafiya yake yi.”

Ya shiga ciki ya fito da wata jarka mara rubutu, ya ɗura mata jan mai. Na tambaye shi ko shi ne nata. Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa maras lafiyar da ya cika tambaya.

“Ja ne ai. Duk man otomatik ja ne.”

Ta yi sauƙi kwana takwas. Ranar ta tara ta dawo da halinta, har da ƙari: in na sa ribas sai ta tsaya tana tunani, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta kama da girgiza. Na koma. Wannan karon ya juye man duka ya zuba sabo daga jarkar dai. Ta yi sauƙi sati biyu. Zuwa na uku ko bonet bai ɗaga ba. Yana kwance ƙarƙashin wata taksi, ya gangaro waje, ya zauna a kan tsohuwar taya.

“In gaya maka gaskiya? Wannan buwat ɗin ta gaji.” Buwat muke ce wa akwatin giya, bakin Faransanci ne. “Waɗannan ba a gyara su a ƙasar nan. Ina da ta giyar hannu mai kyau, ta wata mota irin taka da ta yi hatsari. Kwana uku in sauke wannan, in ɗora maka waccan, in sa maka kuloci. Ka huta, in huta.”

“Da wace ƙafar zan taka kulocin?”

Idonsa ya sauka kan ƙafata, ya ɗauke da sauri. Wallahi mantawa ya yi. Shekara arba'in muna tare, ya manta. A da irin wannan mantuwar na so a yi mini, amma ba a wannan ranar ba.

“To ai sai ka ɗauki direba,” ya ce a hankali.

Na shiga na sa ribas, na zauna a gabansa ina jiran motar ta ga dama.

A shago Yaya ya ɗora daga inda abokina ya tsaya, don labari ya riga ni isowa. Muna jera gwangwanayen fenti yana magana ba tare da ya dube ni ba.

“Abin da ya faɗa ba laifi ba ne. A mayar da ita ta hannu, a samo mutum mai hankali ya riƙa kai ka. Manyan mutane ma ai tuƙa su ake yi.”

“Yaya, manyan mutane in sun ga dama su karɓi makulli su tuƙa kansu.”

“To kai me ka rasa a da? Wa ya taɓa barin ka a hanya? Ni na taɓa cewa na gaji?”

Bai taɓa ba. Abin da ya sa maganar ta yi wuya ke nan. Yadda zan gaya wa mutumin da ya goye ni a wuyansa har makaranta cewa goyon ne na gaji da shi, ban sani ba. Na ce masa kawai a bar ni in ƙara nema. Ya ce, “Ka nema,” ya ajiye gwangwani da ƙarfi har murfin ya buɗe.

Ranar da ta kunyata ni, ranar asibitin Hajiya ce. Na ɗauko ta daga gida, na ce bari in biya shago in bar wa Yaya makullin sito. Na shiga layin da ke bayan masu atamfa, na tsaya, na miƙa makullin ta taga. Kafin in juya, wata babbar mota da ta taho da kaya daga Kamaru ta kunno kai ta gabana. Layin ba ya ɗaukar mota biyu. Ni ne ƙarami, ni zan koma baya. Na sa ribas. Na ƙirga huɗu. Na ƙirga goma. Injin na kuka, motar ba ta motsa ba. Na mayar gaba, na dawo da ita ribas, na kashe, na tayar. Shiru.

Direban ya danna hon ya ɗora hannu bai ɗaga ba. Babura suka taru a bayana, masu tura kaya suka taru a bayan babura. Mai zagi da Sango, yaren ƙasar, mai zagi da Larabci, mai zagi da Hausa. Na buɗe ƙofa don in ba da haƙuri, na fito da sanda, na fito da ƙafa. Sai wani daga cikin taron, ban ga fuskarsa ba, ya ɗaga murya da Sango ya ce motar ai halin mai ita ta ɗauko. Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi.

Maƙwabtanmu na kasuwa ne suka fito suka tura ta baya, ina ciki ina riƙe da sitiyari. Aka jingine ta a bakin wani shagon wayoyi. Hajiya na zaune a baya tun da aka fara. Da aka tsaya ta buɗe ƙofa da kanta.

“Kada lokacin likita ya wuce, Auta. Tsayar mini da babur.”

“Hajiya, bari in kira Yaya ya samo taksi.”

“Taksi ba ta shigowa nan yanzu. Tsayar mini.”

Na tsaya ina kallo aka ɗora tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu a bayan babur, ta tattare zane da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe rigar mutumin da ba ta sani ba. Ta waiwayo ta ɗaga mini kai, wai kada in damu. Zagin da aka yi mini bai kai wannan ciwo ba.

Mai shagon wayoyin baƙo ne, bai fi shekara da zuwa daga Maraɗi ba. Ya kawo mini kujera da ruwa, ya ce yana da ɗan'uwa mai duba mota da na'ura, ba irin masu lalube da hannu ba. Aka kira shi. Ya zo da wani ɗan akwati a jaka, ya jona shi ƙarƙashin sitiyari, ya daddanna, ya juyo mini da fuskar na'urar in ga wasu lambobi.

“Alhaji, ka gani? Na'ura ba ta ƙarya. Solenoyid ne.”

Ya ce wasu ƙananan famfuna ne na lantarki a cikin buwat, su ke buɗe wa mai hanya ya tura giya ta shiga. In ɗaya ya maƙale, giyarsa ba ta shiga. Bayanin ya shige ni, don shi ne mutum na farko da ya faɗi abu mai kan gado. Na tambaye shi me ke sa su maƙale. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce tsufa.

Babu su a Bangi. Sai an aiko daga Duwala. Yaya, duk da fushinsa, shi ya kira mutanensa na can. Aka ba wani direba saƙon, motarsa ta lalace a hanya, ta yi kwana goma sha wani abu a kan iyaka. Sati biyar ina hawa babur ina wuce motata a ƙofar gida, ganyen mangwaro na taruwa a gilashinta. Da saƙon ya iso aka buɗe, bakin wayarsa bai yi daidai da nata ba. Na wata shekarar ƙira ne. Aka sake aikawa. Aka sake jira.

Na biyun ya shiga. Mai na'ura ya ɗaura, ya goge lambobin, ya ce an gama. Na tuƙa ta zuwa Masallacin Koudoukou ranar Juma'a, tana tafiya sumul, har na rage gudu da gangan don waɗanda suka san labarin su gan ni. Kwana huɗu ta yi. Ranar ta biyar ta buga gum ɗin da ya fi na kullum, wata fitila ta kama a gabana, ta kafe a giya ɗaya ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Na kira shi. Ya ce ko wani solenoyid ɗin ne, ai huɗu ne a ciki. Na kashe wayar bai gama magana ba.

A lokacin na fara zama mutumin da ban sani ba. Mai ɗakina ta kawo abinci in ce gishiri ya yi yawa. Mai saye ya tambayi kusa in nuna masa da baki. Kowa a kasuwa ya zama bakanike. Wani ya ce batir ne, wani ya ce man fetur ɗin kwalba nake sha, wani ya ce in sa a yi mata addu'a, baki ne ya kama ta. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce shi tun farko bai yarda da motar da ke yanke shawara da kanta ba.

Wadda ta nuna mini hanya wata ma'aikaciyar jinya ce da ke sayen fenti a wurina tana gyaran gidanta. Irin motata take tuƙawa. Ta ji ina ba wani labari, ta ce akwai wani tsoho can hanyar Bimbo, ya yi shekaru yana gyara motocin ƙungiyoyin agaji kafin ya yi ritaya, shi kaɗai take bari ya taɓa tata. An yi shekarun rikicin addini da ɗan unguwarmu ba ya zuwa wancan gefen da kwanciyar rai. Sun wuce, amma ni ban saba ba. Kwana biyu ina juya maganar, ran na uku na lallaɓa motar a giyarta ɗaya, babura na wuce ni suna hon, har na isa.

Ba gareji ba ne sosai, tsakar gida ce da rumfar kwano da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota. Tsohon gajere ne, furfura fat, tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi da Sango, na kira shi Baba, na fara zuba: an ce mai, an ce buwat, an ce solenoyid.

Ya ɗaga hannu. “Yeke yeke,” ya ce, wato sannu sannu. “Bar abin da aka ce. Kai me ka ji?”

Wata huɗu ina yawo, babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Ya tambaye ni da safe ta fi yi ko in ta yi zafi. Ya tambayi wace giya ta fara. Ya tambaya ko na taɓa shiga ruwa mai zurfi da ita, ko na ja wata mota, ko ina loda mata siminti. Na ce a'a. Ya shiga gefena ya ce in tuƙa, muka zagaya unguwa, ya rufe ido, tafin hannunsa a shimfiɗe kusa da sandar giya. Da muka dawo ya ce kada in kashe.

Injin na aiki ya zaro sandar awon. Bai goge a wando ba. Ya yago farar takarda daga wani littafi, ya ɗiga man a kai, ya kai hanci, ya miƙo mini. Ba ja ba ne. Wani kalar zoɓo ne da aka zuba wa madara.

“Ngu,” ya ce. Ruwa.

“Ruwa a man giya? Ta ina, Baba? Na ce maka ban shiga ruwa ba.”

Ya sa na kashe, muka zauna a inuwa har injin ya huce. Sannan ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, ya tsoma yatsa, ya fito da shi da wani kauri mai maiƙo. Ya ce man giya yakan yi zafi, don haka akwai bututun da ke ratsa shi ta cikin lagireto ya sha sanyi ya koma. Bututun ne ya tsage a ciki, inda ido ba ya gani. In injin na aiki, mai ya tsere cikin ruwa, shi ya sa man ya yi ƙasa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. In an kashe, ruwa ya tsere cikin mai. A cikin buwat kuma akwai faifai masu fata kamar takarda, su ke kama giya. Ruwa na jiƙa su, fatar na saɓulewa, garinta ya toshe matatar mai, ya maƙale solenoyid.

“Na'urar ba ta yi ƙarya ba,” ya ce. “Ta faɗi wanda ya faɗi, ba ta faɗi wanda ya ture shi ba. Ko goma ka sa, haka za su mutu.” Ya sake shinshina takardar. “Wannan man ma ba nata ba ne. Kowace buwat da irin nata. Amma ba shi ya fara ɓarnar ba, taimakawa ya yi.”

Na ji wani sanyi, har na fara shirya abin da zan gaya wa abokina. Sai tsohon ya nuna robar ruwan da ke gefen lagireto.

“Wannan a cike take. Wa ke ƙara mata ruwa?”

“Ni. Kullum da safe.”

“Tun yaushe?”

Na yi lissafi a raina. Tun kafin damina. Tun kafin gum na farko da kusan wata biyu. Na lura ruwan na raguwa, sai na riƙa cikawa da buta bayan na dawo sallar asuba, ina jin daɗin kaina, ga mai kula da mota. Har wani datti-datti na gani a robar na ce tsatsa ce.

“Ka gaya wa wani?”

“Ba wanda ya tambaye ni.”

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Da a watan farko ka zo, lagireto za mu canza, mu wanke, ka tafi gida da yamma. Yanzu sai an sauke ta an buɗe.”

Na zauna a kan benci na rasa wanda zan ji wa haushi. Na zo da haushin mutum uku a cikina, ga shi an ɗora mini na huɗu, shi ne kuma ya fi nauyi. Da hannuna, da butata, kullum da safe.

Wata biyu da rabi ta yi a tsakar gidansa. Faifan ma sai da aka aiko daga Duwala, amma wannan karon shi ya rubuta lambar da hannunsa, ya sa na ɗauki hoton tsofaffin na tura. Duk Asabar nakan hau babur in je. In tarar ya baje kayan cikin buwat a kan farin buhu, a jere, kowanne a inda ya fito. Ba ya son magana in yana aiki, ni ma sai in zauna ina kallo. Matarsa takan kawo mini dafaffiyar gyaɗa, ta ce ta san ba kowane abincinsu nake ci ba.

Ranar da na karɓe ta ya ce, “Ba sabuwa na ba ka ba. Ruwa ya daɗe a ciki, akwai inda hannuna bai kai ba. In ka tayar da safe ka bar ta ta ɗumama. Kada kowa ya zuba mata abin da ba ka ga rubutun gwangwaninsa ba.”

Na biya Kokoro a hanyar komawa. Na gaya wa abokina komai, har da laifina, don kada ya ce na zo gori. Ya saurara, ya jinjina kai, ya ce lallai tsohon ya san aiki. Sannan ya ce, “Amma ka ga da ta hannu ce, ruwa ba shi da hanyar shiga.” Yaya kuwa da ya ga na ajiye ta a ƙofar shago, cewa ya yi, “Allah ya sa ta ɗore,” da muryar wanda bai sa rai ba. Hajiya ta koma kujerarta ta baya, amma yanzu da hannu ɗaya take jan carbi, ɗayan na riƙe da marfin ƙofa.

Ta ɗore shekara ɗaya da wata uku. Kwanan baya, da safe, tsakanin ta biyu da ta uku, na ji ɗan jinkiri. Ba gum ba, ɗan numfashi ne kawai, wanda in ba ni ba babu mai ji. Na duba mai a farar takarda, ja ne tas. Na duba ruwa, bai ragu ba. Ban jira ba, ranar na kama hanyar Bimbo.

Na tarar an cike ramin, an shanya rogo a inda yake. 'Yarsa ce ta fito. Ta ce idon Baba ya yi rauni, ya koma ƙauyensu can hanyar Mbaiki shi da matarsa, ya rarraba kayan aikinsa. Na tambaye ta ko ya bar wani da ya koya a hannunsa. Ta ce waɗanda suka koya duk sun tafi inda ake biya da kyau. Ta ba ni lambar waya, ta ce sai an yi haƙuri, sai ya hau tudu ake samunsa.

Na yi ta kira har ranar da ya ɗauka. Ya gane muryata. Na fara bayani, ya katse ni.

“Tana da sanyi yanzu?”

“Tun jiya ban tayar ba, Baba.”

“To tayar. Ajiye wayar a ƙasa kusa da sandar giya, ka tuƙa in ji.”

Na ajiye wayar a kan dardumar mota, na fito titin Koudoukou, na taka a hankali. Ta ɗaya. Ta biyu. Wani mai babur ya sha gabana, na taka birki, na sake farawa. Ta ɗaya, ta biyu, allura ta hau, ta ɗan tsaya, ta shiga ta uku. Na gangara gefe da sauri na ɗauki wayar.

“Ka ji, Baba? Ka ji wannan?”

Layin ya riga ya yanke. Ban san a wace giya ya yanke ba. Da la'asar na same shi na minti ɗaya, ya ce bai ji komai ba sai hon ɗin babura, in sake gobe da safe a hanyar da ba hayaniya. Washegari na samu hanyar, na tsaya a bakinta, injin a kashe don kada ya ɗumama, na kira. Wata murya ta ce ba a samun lambar. Yau kwana tara ke nan ina zuwa wurin kafin in buɗe shago.